Ranar da Na Cika wa Tursunali Shayi

Akwai wata baƙar jaka a gidanmu da na tsana fiye da ciwon bayana. Shekara tara tana bin ɗana Sherzod zuwa Rasha. Da sanyi ya janye aka fara tone itatuwan rumman daga ƙasar da muka rufe su da ita don kada ƙanƙara ta kashe su, sai a sauko da jakar daga kan kabad, a karkaɗe ta, ya saɓa ya tafi aikin gini. Ba ya dawowa sai mun sake binne rumman. 'Ya'yansa sun fi sanin muryarsa a waya fiye da ƙamshin rigarsa. Shekara biyu jakar ta yi can sama tana shan ƙura, kuma ni da bakina na hana a goge ta.

Abin da ya zaunar da Sherzod a gida, matarsa Zebo ce da surutun mijina. Mijina Tursunali, duk garinmu Kuva an san shi da auren bishiya. Ba shi wuƙa da reshe biyu, ya haɗa maka tuffa mai tsami da mai zaƙi su zauna lafiya har ka manta ba tare suka tashi ba. Da gwiwa ta hana shi hawa tsani, sai mutane suka koma buga mana ƙofa suna tambaya, shi kuwa ba a yi masa tambaya ɗaya ya ba da amsa ƙasa da goma. Zebo tana kawo shayi tana saurare. Ran nan ta fara rubutawa. Daga nan ta buɗe masa shafi a intanet, da hotonsa a sama, hula a karkace, wuƙa a hannu. Yana faɗa tana bugawa, Sherzod yana ɗaukar hoton yatsunsa a jikin reshe. Kafin shekara ta zagayo, mutanen Namangan da na Hujand, har da na garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, suna karantawa. Sai wani kamfanin talla ya yarda ya riƙa sa tallan mutane a shafin, yana ba mu wani abu duk wata. Ba dukiya ba ce. Amma in aka haɗa da dashen da Sherzod ke sayarwa, ta isa jakar ta zauna inda take.

Tursunali bai san da tallan ba sai bana, da Sherzod ya sayo masa sabon tabarau. Muna zaune a gadon katakon tsakar gida, ƙarƙashin inabi, ya ja shafin da yatsa har can ƙasa, sai ya tsaya.

"'Yata, su wane ne waɗannan a cikin akwati? Ga mai taya, ga mai taki."

"Masu talla ne, Dadajon," in ji Zebo, haka take kiransa, wato baba. "Saboda su ake biyanmu."

Ya cire tabarau, ya dube ta, ya dube ni, kamar mun kulle wani a ɗakin ajiya mun manta.

"Mutane sun shigo gidana da alherinsu, kuka zaunar da su a bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma? Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da 'yan watanni."

"Shekara! Ko sannu ban yi musu ba. Tsohuwa, kina kallo aka yi wannan?"

Na ce, "Ni da ko zare ban iya sa wa allura ba, akwati zan gani?"

Nan take ya ba da umarni. A ɗauko su daga ƙasa a kai su mazaunin babban baƙo, can sama, daidai ƙarƙashin hotonsa. A manna su da maɓallin da mutane ke dannawa in za su aiko tambaya, don nan ne hannu ya fi yawa, kada baƙi su ji kaɗaici. A rubuta a kansu da manyan baƙaƙe, "Aminan Tursunali". Sannan ya gyara murya ya faɗi abin da za a sa a ƙasa: "Waɗannan baƙin gidanmu ne masu daraja. Duk wanda ya amfana da maganata, ya danna ya shiga ya gaishe su ko sau ɗaya, albarkacin furfurata." Ya ce a ƙara da jar kibiya tana nuna su, saboda masu ido irin nawa.

Zebo ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "To, Dadajon." Shekararta goma sha ɗaya a gidan nan, ban taɓa jin ta ce masa a'a ba. Ba ni na koya mata ba, daga gidansu ta zo da shi.

Bayan mako uku, ina liƙa gurasa a tanderu, ta zo ta tsaya a bayana da waya a hannu. Da na ciro ta farko, ta kira ni Oyijon kamar kullum, wato mama.

"Oyijon, kamfanin sun aiko saƙo."

"Godiya suka yi?"

"Gargaɗi ne."

Ta karanta mini a hankali, tana mai da shi maganar mutane. Ba a yarda mai shafi ya roƙi kowa ya danna talla ba, ko da wasa, ko da kibiya. Ba a yarda a yi wa talla wani suna da zai sa mai karatu ya zaci maganar mai shafin ce ba. Kuma ba a manna talla da maɓalli, yadda yatsa zai zame ya faɗa inda bai yi niyya ba. Duk mun yi, ba mu bar ko ɗaya ba. Sun ba mu kwana goma. In ba a gyara ba za su kwashe tallansu, kuma wanda aka kwashe wa, dawowar ba ta da sauƙi.

"To goge mana," na ce. "Bari ya kwanta barcin rana ki goge, wa zai sani?"

"Shi ne yake fara buɗewa kullum da safe. Kuma sunansa ne a kai, Oyijon. Ba zan cire maganarsa a bayan idonsa ba."

Na ji haushinta. Na kuma ji kamar in rungume ta da hannuna mai gari. Gurasa biyu suka ƙone ina tsaye.

Sherzod ne ya fara gwadawa, bayan mun ci abincin rana. Ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, har ya iso wajen.

"Dada, doka ce. Sun ce ba a yi."

"Dokar wa? Wa ya rubuto? Ɗan gidan wa ne?"

"Ba mutum ba ne, Dada, na'urarsu ce ta gani."

"Shi ya sa. Na'ura ba ta da uwar da za ta koya mata yadda ake karɓar baƙo. Ni ina da ita, Allah ya ji ƙanta. Rubuta musu ka ce Tursunali ya ce a gidansa ba a ajiye baƙo a wajen takalma."

Sherzod ya sunkuyar da kai yana tsintar ɓarɓashin gurasa. Mutum mai shekara talatin da takwas, wanda ya yi shugabancin magina ashirin a ƙasar mutane, a gaban ubansa sai ka ce an aike shi gishiri ya zubar.

Rana ta biyar na shiga ɗaki ɗauko bargon da zan shanya, na tarar da Sherzod a kan kujera. Jakar tana hannunsa, ya riga ya goge ta, yana jan zif ɗin gaba da baya.

"Dubawa kawai nake yi, Oyi," ya ce. "Abokina Ilhom ya ce suna neman mutum ɗaya. Motarsu Juma'ar sama za ta tashi."

"Mai da ita."

"In tallan ya tafi, dashe kaɗai ba zai riƙe mu ba, kin sani. Don Allah kada ki gaya wa Dada. Zai ce shi ya kore ni, kuma kin san zuciyarsa."

Na yi masa alkawari. Na fito ba tare da bargon ba.

Da la'asar na sami tsohon yana wasa wuƙa, na zauna kusa da shi na ce, "Baban Sherzod, taurin kan nan naka fa ya isa."

"Shekara arba'in da shida kina faɗa, ga shi har yanzu ba ki tafi ba."

"Ina zan je? Wa zai nemo maka hularka?"

"Ke ce za ki yi mini wa'azin baƙo? Ke da kika ƙara wa kawuna shinkafa har sau huɗu, sai da aka kama shi aka kai shi mota?"

"Kawunka ya ji daɗi."

"To su ma suna jin daɗi."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Na san mijina. In ka tura shi ta gaba, bango ne. Kwana biyu ina aiki ina juya abin a raina, har na zuba sukari a miya.

Rana ta takwas abokinsa Ergash ya zo hira da hantsi. Tun suna yara suke tare, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Suka haye gadon katako, Zebo ta shimfiɗa musu, ta kawo gurasa da zabibi da butar shayi. Ta durƙusa za ta zuba, na ce, "Kawo, kelin, yau ni zan yi." Haka muke kiran matar ɗa.

Na juya shayin sau uku kamar kullum. Na zuba wa Ergash ɗan kaɗan a ƙasan piyala, ɗan kofin shayinmu marar mariƙi, na miƙa masa da hannu a ƙirji. Ko jikata mai shekara biyar ta san haka ake yi wa wanda ake so: kaɗan, don ya yi ta miƙowa kana ƙara masa, hira tana tsawo. Wanda aka cika wa kuwa, an ce masa sha ka tashi ke nan.

Na ɗauki piyalar Tursunali, na zuba, na zuba, har shayin ya zo baki yana rawa. Ban miƙa masa ba. Na ajiye ta manne da gurasa, daidai inda hannunsa ke bi. Sannan na tsaya a kansa na nuna ta da yatsa.

"Sha. Sha mana. Ko sau ɗaya, albarkacin furfurata."

Ergash ya tsaya da zabibi a hannu. Tursunali yana hararata, ya miƙa hannu zai gutsuri gurasa don ya nuna bai damu ba, sai bayan hannunsa ya bugi piyalar. Shayi ya malale, ya bi shimfiɗa, ya sami wandonsa. Ya zabura kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba.

"Tsohuwa! Korata kike yi daga gidana? A gaban mutane?"

"Karrama ka nake yi. Na cika maka, na kawo maka kusa, na tsaya a kanka, ga yatsa ina nunawa. Me ya rage? Ko in zana kibiya?"

Ergash ya yi dariya har ta sarƙe shi, sai da na buga masa baya.

"Wannan daban, wancan daban," in ji Tursunali yana yarfe hannu. Amma muryarsa ta sauka kaɗan.

"Ni dai ba ruwana," Ergash ya ce yana share hawaye. "Ina cika alkawari. Kullum sau biyar nake gaishe da mai tayar nan, bayan kowace salla. Duk dattawan gidan shayi ma na sa su."

Na ce, "Kai da ko keke ba ka da shi, me za ka yi da taya?"

"Ina da jaki."

"Jakin ma na surukinka ne," in ji Tursunali.

Zebo tana durƙushe tana goge shayin da tsumma. Ba ta ɗago ba. Ba ta dubi surukinta ba, ni ta yi wa magana, amma da muryar da ko kajin bayan gida sun ji.

"Oyijon, in tambaye ki wani abu?"

"Tambayi, kelin."

"Mai taya, duk dannawa ɗaya sai ya biya. Shi yana can yana zaton mai mota ne ya leƙo, ashe Ergash-ota ne ya zo gaisuwa. Haka ma wanda ya zo tambayar auren tuffa yatsansa ya zame. To wannan kuɗin, Oyijon, na wa aka ci?"

Kurciya tana kuka a kan inabi.

Tursunali ya koma ya zauna a jiƙen wandonsa. Shi ma bai dube ta ba.

"Tsohuwa, tambayi 'yar nan. Baƙon ne yake biya?"

"Ga ta nan a gabanka."

"Na ce ki tambaye ta."

"Kelin, baƙon ne yake biya?"

"Shi ne, Oyijon."

"Duk gaisuwa?"

"Duk gaisuwa, Oyijon."

Na ga launin fuskarsa ya sauya. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, abin da ba ya yi sai a wajen ta'aziyya.

"Mutum ya shigo gidana. Na tara masa gari, kowa ya miƙa masa hannu, duk hannu ɗaya a zare wani abu daga aljihunsa. Ni kuma ina zaune a sama da hotona ina murmushi." Ya juyo wajena. "Sherzod ya ce mini doka. Ke kin ce mini taurin kai. Babu wanda ya ce mini ina tatsar baƙo."

"Ni ma yanzu na sani," na ce, kuma gaskiya ce. Ni shayi kawai na iya.

Ergash ya ajiye zabibinsa a hankali. "Sau biyar fa," ya ce. "Ran Juma'a har shida."

Zebo ta ce kamfanin yakan gano irin wannan dannawar ya mayar wa masu talla abinsu, kada Dadajon ya sa a ransa. Wannan karon shi ta faɗa wa, kai tsaye. Ya dube ta ya ce, "Ɗauko kwamfutar, 'yata. Zauna nan kusa da ni."

Kada ku zaci a nan aka gama. Tursunali ko barkono zai saya sai ya yi ciniki. Kibiya ta tafi ba gardama. Roƙon ma ya tafi, ko da yake ya sa ta karanta masa shi sau ɗaya tukuna, ya ce kaico, jimla ce mai kyau. A kan "Aminan Tursunali" aka daɗe.

"To a sa 'Baƙinmu'."

"Ba a yarda ba, Dadajon."

"'Maraba' fa? Kalma ɗaya."

"'Talla' kawai suka yarda a sa."

"Haka tsirara?"

"Don mai karatu ya san ba kai ke magana ba. Ka taɓa gwada takin nan?"

"Ban taɓa ba."

"To in ya ƙona wa wani dashe, cewa zai yi aminin Tursunali ne."

Ya yi tsaki. "Sa 'Talla'."

Ta sauko da akwatin daga ƙarƙashin hotonsa, ta kai shi bayan an gama bayanin auren, nesa da maɓallin tambaya. Ya ce ba can ƙasa wajen takalma ba dai. Ta ce a'a, tsakiyar ɗaki. Ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin, tsakanin rubutunsa da akwatin, irin yadda ake barin sarari a piyala, ya ce ta ƙara. Ta ƙara. Ya ce ta ƙara kuma, baƙo ya sami wurin miƙe ƙafa. Da suka gama ta aika wa kamfanin cewa an gyara, su duba.

Bayan azahar ya sauya wando, ya ɗauki sanda, ya ja Ergash zuwa gidan shayi. Ban je ba, amma matar mai gidan shayin ta ba ni labari. Ta ce ya tsaya a tsakiya ya ce duk wanda ya sake taɓa mai taya ba don yana son taya ba, kada ya ƙara kawo masa reshe. Wani ya ce, "Ba kai ka ce mu gaishe su ba?" Ya ce, "Ni na ce. Yanzu kuma na ce ku gaishe su daga nesa, kamar surukai."

Washegari da safe Tursunali ya leƙa ɗakin Sherzod ya ce, "Miƙo mini baƙar jakar nan." Sherzod ya dube ni, na girgiza kai, ni ban faɗa ba. Tsohon ya kai ta gindin inabi, ya zuba mata jiƙaƙƙen garin katako, ya jera rassan tuffan da za a yi aure da su, ɗauri ɗauri, kowanne da zarensa.

"Tun tuni nake neman abin da zai riƙe danshi," ya ce. "Na ga an goge ta, na ce ashe an shirya mini ita."

Ashe sabon tabarau ɗin ba shafi kaɗai yake gani ba.

"Dada, ba su amsa ba tukuna," in ji Sherzod a hankali.

"Za su amsa. In ma ba su amsa ba, rassan nan sai sun yi mako uku kafin su ƙare, kuma hannuna rawa yake yi. Wa zai riƙe mini wuƙa? Uwarka? Ta yanke mini yatsa ta ce karramawa ce?"

Kwana huɗu muka yi muna jira. Zebo ta riƙa duba wayar har a wajen wanki, ni kuma ina duba fuskarta. Ran Laraba ina tankaɗe na ji ta ce "Oyijon!" da wata murya, ta fito da kumfa har gwiwar hannu. Sun duba, sun ga an gyara, tallan zai ci gaba. Layi biyu ne kacal, ko gaisuwa babu. Tursunali ya ce ai dama ya faɗa, na'urar ba ta da uwa.

Ran Juma'a motar su Ilhom ta tashi. Sherzod ya je ya raka su tasha, ya dawo ya hau tsani.

Yanzu kullum da safe tsohon yakan buɗe shafin, ya ja shi zuwa tsakiya, ya ɗora hannun dama a ƙirji ya ce, "Kun kwana lafiya? Ya kasuwa?" Ɗaya hannun kuma yana ɓoye shi a bayansa, wai kada ya manta ya danna. Ni kuma in zuba masa shayi kaɗan a ƙasan piyala, ya duba, ya dube ni, ya ce, "Yau dai ina nan ke nan."

An gama auren tuffa tun tuni, amma jakar tana nan gindin inabi. Zif ɗinta ya yi tsatsa, ba ya rufuwa. Shekaranjiya na hango tsohon ta taga, ya waiga hagu da dama, ya ƙara wa zif ɗin ruwa.